Yabon da Salissou Ya Ɓoye

Duk mai sayen tumatir a kasuwar Aziziya da ke Riyad ya san Salissou ɗan Maraɗi, dogon nan mai dakon kaya da ba ya dariya. Ni direba ne, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu a unguwar Gubaira, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Da can ba haka yake ba. Yana da ɗa, Idrisu, wanda ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami. A lokacin bakin Salissou ba ya rufuwa, ko gaisuwa kuka yi sai ya sako maka labarin Idrisu. Unguwa ta ɗauka da yabo. Ba a jima ba mota ta buge yaron a hanyar masallaci, muka kai shi maƙabartar Al-Oud. Salissou ya ce kambun baka ne, kuma shi ya fara buɗe baki. Ya rantse ba zai ƙara yabon abin da ya haifa ba, ba zai bari wani ya yaba ba.

Sai ga Lailatu, 'yar da ta rage masa, ta taso da kaifin ƙwaƙwalwa. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, Faransanci kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Da ta gama sakandare ta nemi gurbin karatu kyauta a wata jami'a, cikin 'yan guraben da ake ware wa 'ya'yan baƙi. Dako ya riga ya cinye bayan Salissou, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, kuma ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. In jami'a ta ɗauke ta, za ta zauna ta yi karatun likita. In ba ta ɗauke ta ba, sai Maraɗi, garin da ba ta taɓa gani ba, karatu ya ƙare.

Bayan ta tura takardunta aka yi gasar kimiyya ta makarantun 'yan mata, ta zo ta ɗaya. Malamarta ta ce maza ta sanar da jami'ar kafin a rufe karɓar takardu, domin irin wannan ne ke raba gardama. Ina zaune ta kawo wa uban takardar shaidar.

"Baba, a shafinsu kawai zan saka. Ba wanda zai gani sai su."

"Su ba mutane ba ne? Ba su da baki?" in ji shi. "Khalas, magana ta ƙare. Rabonki zai same ki ba sai da talla ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Salissou, wannan ai ba yabo ba ne, hujja ce. Allah ma cewa Ya yi tashi in taimake ka."

Ya dube ni, idonsa jawur. "Mukhtari, da kai muka kai Idrisu. So kake ka sake raka ni Al-Oud?"

Ya naɗe takardar a leda ya tura ƙasan akwati. Ga waya a hannun yarinyar, da ta so da ta tura a ɓoye, amma ba ta taɓa tsallake maganar ubanta ba. Har yau in na tuna wannan biyayyar sai zuciyata ta yi ɗaci.

Sunaye suka fito babu nata. Yarinyar da ta zo ta biyu a gasar ta sanar da jami'ar tun da wuri, aka ɗauke ta. Lailatu ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta dai daina magana.

Ni na kai su filin jirgi ranar da za su bar ƙasar gaba ɗaya. Muna kan layin auna kaya Salissou ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe akwati, ya zaro ledar nan. Ya miƙa wa Balaraben da ke duba fasfo, yana ɗaga murya da guntun Larabcinsa.

"Binti! 'Yata ce! Ita ce ta ɗaya, wallahi ta ɗaya!"

Mutumin ya ce masha Allah ba tare da ya duba ba, ya kira na baya. Lailatu ta karɓe takardar a hankali ta ninke.

"Baba, bar shi," in ji ta. "Yanzu ba mai tambaya."