Albasar da Ta Fito Daga Hulata

Sahabi mai dabo ɗan Birnin Malam ne. Gonar gado gare shi kamar kowa, amma tun yana saurayi hannunsa ya fi son ɓatar da abu a kan shuka shi. Da rani ya yi sai ya rataya ƙaramar ganga ya bi kasuwanni. A Jega yakan haɗiye allurai ya zaro su a jere jikin zare. A Maiyama yakan fasa ƙwai cikin aljihun mutum, a duba a tarar da aljihu a bushe.

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya rowar faɗinsu. Ba a maimaita wasa ɗaya a gaban taro ɗaya. A cikin 'yan kallo a zaɓi mai tsabtar riga, don shi mutane ke son ganin ya ji kunya. Sannan a yi wasa da abin da garin ya fi ƙauna. Yadda hannu ke yi kuwa, ko matarsa Gudiya bai taɓa nuna wa ba.

Ƙa'ida ta uku ce ta kawo shi Aliero, garin manoman albasa, da albasa, ta biyun kuma ta sa ya zaɓe ni. Ban daɗe da gama jami'a ba, ma'aikatar gona ta turo ni daga Sakkwato, ran nan ina tsaye a kasuwa da farar rigata. Ya roƙi aron hulata, ya kife ta, ya kakkaɓe, ya sa hannu ya ciro albasa ja, ƙatuwa.

Ba wanda ya tafa. Wani manomi daga Kashin Zama, Magaji, ya ratso taro ya karɓi albasar, ya juya ta, ya shinshina wuyanta.

"Wagga albasa tawa ta," in ji shi.

Sahabi ya yi dariya, ya ce a Jega ya saye ta. Magaji ya ce albasar Jega ai daga nan take tafiya, shi kuwa bana bai sayar da ko ɗaya ba, duk tana jibge a rumfar ajiya tana jiran tsada. Kullum ya leƙa sai ya ga tarin ya ragu, da yana ɗora wa zafi da ruɓa laifi, yau ya ga hanyar da take bi, ashe da tsafi ake kwashe ta. Nan take kowa ya tuna nasa tarin ma yana raguwa. Aka tasa mu gaba zuwa wurin sarkin kasuwa, Sahabi a matsayin ɓarawo, ni a matsayin rumbu.

Sarkin kasuwa, Sambo, dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambaye ni tun yaushe nake ajiye albasa a ka. Na rantse ban san da ita ba. Ya ce to wannan ya fi muni, ma'aikacin gona a ce ba ya jin nauyi. Daga nan ya juya ga Sahabi ya ba shi zaɓi. Ko dai ya nuna a gaban jama'a yadda albasa ta shiga hula, ko a sa sanƙira ya shelanta shi ɓarawon albasa, a aika Jega da Maiyama su ma su sani.

Sahabi ya roƙa a bar shi ya nuna wa sarki shi kaɗai. Magaji ya ƙi, ya ce ba sarki aka yi wa sata ba. Sahabi ya dubi gangarsa, ya ce:

"Ranka shi daɗe, in na nuna na mutu da yunwa. In ban nuna ba, ɗiyana su tashi ɗiyan ɓarawo."

Sai ya tuɓe riga ya juya cikinta. Wata 'yar jaka ce ɗinke a ƙarƙashin hammata, bakinta na kallon hannun riga. Ya sa albasar ciki, ya mai da riga, ya saki kafaɗa a hankali, ta gangaro ta faɗa tafinsa. Iyakar abin ke nan. Wani ya ce shekara da shekaru yana hana yaransa kusantar mutumin nan, ashe tela ya kamata ya ji tsoro.

Sarki ya wanke Sahabi daga sata. Albasar kuma aka ba Magaji, tunda shi ya gane ta. Ni aka shawarce ni in riƙa leƙa hulata kafin in fito.

Direbobin da ke lodin albasa suka kai labarin jakar Jega da Maiyama kafin Sahabi ya isa. Ya buga ganga, aka taru, ana ce masa ya ɗaga hammata. Bai ƙara fita da gangar ba.

Yanzu yana tashar lodi a Aliero yana ɗinke bakin buhuna. Dillalai na rububinsa, don ba mai saurin hannunsa, kuma kowa ya shaida an wanke shi a gaban sarki. Sharaɗinsu ɗaya ne, sanyi ko zafi, ba riga a jikinsa zai yi aikin.