Malama Jummai da Sikelin Asibiti

Idan ka shigo Gyaɗi-Gyaɗi kana neman gidan Malama Jummai, kada ka wahalar da kanka da lambar gida. Ce a nuna maka inda ayaba ta leƙo ta katanga. Ni ce a ɗaya gefen katangar, shekara ashirin da shida ke nan, kuma tunda tsufa bai bar min wata sana'a ba sai sa ido, babu wanda ya fi ni sanin labarinta.

'Yar wajen Kafanchan ce. Ta zo Kano tana budurwa, da takardar koyarwa da akwatin ƙarfe guda, ta yi shekara talatin da biyar tana koya wa 'ya'yan mutane lissafi a firamare, har da nawa, waɗanda ba su iya ba har yau, amma wannan gadon ubansu ne. Mijinta Sama'ila mutumin Zonkwa ne, ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, dogo, mai shiru, wanda ko akuya ta shiga masa ɗaki sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Ina ce masa angona, shi kuma ya ce sai na mayar da haƙoran gaba tukuna. 'Yarsu ɗaya ce, Favour, tana aure a Fatakwal.

Gidan na haya ne, tsakar gidan siminti daga bango zuwa bango, babu inda kaza za ta yi tono. Jummai ta ce a garinsu abin kunya ne mace ta sayi ganyen miya. Sai ta tara buhunan shinkafa, da tsofaffin tayoyi, da bokitan da suka fashe, ta cika su da ƙasa da kashin awakina, ta jera. Alayyafo, zogale, kuɓewa, tattasai, dankalin Hausa, gwanda biyu a cikin rabin duro. A bakin magudanar ruwa ta roƙi mai gida ya bari ta fasa siminti taku biyu, nan ta sa ayaba. Ruwan da ta wanke shinkafa ko ta ɗauraye kwanuka, duk a gindin shuka yake ƙarewa. Shekara biyu na yi ina mata dariya, ina kiranta Sarkin Noma. A ta uku tumatur ya yi tsadar da sai ka gaishe shi daga nesa, na daina dariyar na fara miƙa kwano ta katanga.

Bara da damina Sama'ila ya faɗi a bakin famfo. Hawan jini. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta zama aiki. Tuwo ba ya wucewa, shinkafa ta ƙware shi har idanunsa su firfito. A asibiti aka ce sai abu mai laushi mai kauri, irin wanda zai zauna a cokali, a riƙa haɗa masa da madara don ya samu ƙarfi. Jummai ta ce madara kam a'a. Tun suna amarci ta san mijinta: nono ko madarar gari ko ta gwangwani, in ya sha, cikinsa sai ya yi ƙugi ya tsinke. Ma'aikaciyar da ke kula da abincin majinyata ta ce ba laifi, akwai madarar da ba ta saniya ba, ta lissafa mata waken suya da aya da kwakwa.

Nan Jummai ta buɗe sabuwar makaranta, ita ce malama ita ce ɗaliba. Takan jiƙa waken suya, ta murje ɓawon, ta kai inji, ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa sosai tana kwashe kumfa har warin ɗanye ya fita. In ya huce ta zuba a bilanda da ayaba nunanna daga bakin magudana, da yankan gwanda, da dafaffen dankali, da dabino biyu, da ɗan garin zogalen da ta shanya a inuwa. In babu wuta, turmi da rariya. Na ɗanɗana sau ɗaya don in samu abin kushewa, na shanye kofin, na ce gishiri ya yi kaɗan don kada ta ji daɗi.

Sama'ila yana sha. Cokali-cokali, sau biyar a yini, yana sha. Amma kullum bayan magariba sai ciki ya tsinke, ya kwana yana zubar da abin da ta yini tana ɗura masa. Duk wata ana ɗora shi a sikeli a asibiti. Da kilo sittin da ɗaya aka sallamo shi. Ya koma hamsin da biyar, ya koma hamsin da ɗaya. Awo na huɗu, arba'in da takwas. Mutumin da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofa, Jummai ita kaɗai take ɗaga shi ta canza masa zanin gado.

Ranar arba'in da takwas ɗin nan ƙaninsa Peter ya zo daga Kaduna. Ya zagaya lambun yana taɓa buhuna da takalmi, ya ce an mayar da yayansa akuya, ganye da ruwan wake. Ya ce dangi sun zauna. Idan awon wata mai zuwa ya sake yin ƙasa, zai zo da mota a kai shi gida. To, ko Kano ko Zonkwa, duk wanda ya kai shekaruna ya san abin da ake nufi idan aka ce a kai marar lafiya gida. Ba don a yi jinya ake kai shi ba, don a rage wahalar ɗaukar gawa ne. Can babu mai gasa masa ƙafa, babu mai auna masa jini, kuma a gidan dangin miji Jummai ba ta da bakin magana.

Daga ranar ta fara zargin hannunta. Ta ce waken suya ne, ta daina, ta koma aya, tana yin sabo sau biyu a yini saboda aya ba ta jure zafin Kano. Gudawa ba ta tsaya ba. Ta ce aya ce, ta koma kwakwa, tana gurza har yatsunta suka yi jini. Ta ce ruwan ga-ruwa ne, ta riƙa tafasa ko na kurkurar kofi. Ta ce gwanda ce. Wata safiya na ji ƙarar sara, na taka turmi na leƙa, na ga tana sare zogalen da ta shekara tara tana reno, tana sara tana kuka ba sauti. Na ce mata ta bar min reshe ko don awaki. Ba ta ko ɗago ba.

Saura mako guda awo ta shigo gidana, ɗankwali a hannu, ta zauna a ƙasa ba ta jira tabarma ba.

"Inna, da hannuna nake kashe Baban Favour," in ji ta, "kuma ban san da wane cokali ba."

Na nemi wasan da zan yi mata na rasa. Ni da ko a gidan makoki sai an tsawatar min.

Yanzu sai in gabatar muku da Malam Garzali, mutumin Tarauni. Ofis ɗaya suka yi da Sama'ila shekara talatin, teburi na kallon teburi. Wata shekara da gari ya rikice, shi ya zo da tsohuwar motarsa ya kwashe su duka uku ya ajiye a ɗakin matarsa kwana huɗu. Shi ya ɗauki Sama'ila zuwa asibiti ranar da ya faɗi. Tun da aka dawo gida, kullum bayan la'asar sai ya sauka daga adaidaita da babbar rigarsa, ya zauna da abokinsa, ya ce wa Jummai ta je kasuwar Tarauni ko inji ta huta da zaman ɗaki. In kana son Jummai ta daina gaishe ka, faɗi aibin Malam Garzali.

Akwai wata Bafulatana, Hasana, da ke sauke ƙwaryarta a zaurena ta sha ruwa. Washegarin zuwan Jummai ina tsokanarta, na ce nononta rabi ruwan rijiya ne rabi kuka, shi ya sa babu mai saye sai makafi. Ta ce ai manya ke sayen nata. Ga wani Alhaji mai farin gemu da ke sauka a bakin layinmu, wata huɗu bai taɓa fashi ba, kullum sai ta dama masa fura da kindirmo mai kyau, ta tace babu gudaji, ta zuba masa a kwano mai murfi. Wai ta marar lafiya ce.

Mai farin gemun da ke sauka a layinmu kullum ai Garzali ne, kuma na san yana da ciwon suga, likita ya raba shi da fura tun tuni. Matarsa ce ta faɗa min a wani biki, tana murna.

Da la'asar na sa mayafi na tsaya a bakin layi. Ya sauko, hannu ɗaya a cikin riga. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi gwiwa, sannan na ce, "Malam, cikin wata nawa ne wannan da ka ɓoye a riga?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ya ga ba zan matsa ba, ya fito da kwanon. Ya ce in dubi Allah in rufa asiri. Ya ce yana kallon abokinsa yana narkewa a kan ruwan wake, kuma kowa ya san babu abin da ke mayar da jiki kamar fura da nono, da ita aka yi jinyar mahaifinsa. Amma ba zai iya duban idon matar da ke wahala haka ya ce abincinta bai isa ba, a cikin gidanta. Shi ya sa yake jira ta fita, ya ba shi da cokali, ya wanke bakin, ya mayar da kwano cikin riga. Ya ƙara da cewa ai Sama'ila na son ta. Shekara talatin a ofis kullum azahar yana saya musu su biyu, bai taɓa barin ko kurɓi ba.

Na ce, "Bayan ya sha fa, ina yake zuwa?"

Ya sosa gemu. Ya ce Sama'ila yakan ce zai leƙa wani sashe ya karɓo fayil. Yakan daɗe.

Na ja shi har ɗakin. Jummai ba ta fita ba ranar, tana zaune da kofin da ta rasa abin da za ta zuba a ciki. Na ajiye kwanon a gabanta na buɗe. Ta dubi furar, ta dubi Garzali. Ba za ta iya yi masa faɗa ba, na sani. Mutumin da ya ba ka ɗakin matarsa ba ka ɗaga masa murya. Sai na juya kan angon nawa na tambaye shi me ya hana shi rufe baki, tunda hannun hagu na aiki, tunda ya san abin da nono ke masa.

Ya daɗe yana kokawa da harshe kafin maganar ta fito.

"Ya sayo," in ji shi. "Da kuɗinsa."

Wallahi da ba a kwance yake ba da na make shi da murfin kwanon. Na ce musu na ga kara iri-iri a duniya, amma ban taɓa ganin wadda aka shekara talatin ana yi a bayan gida ba. Babu wanda ya yi dariya. Garzali ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hular kansa. Jummai ce ta fara magana, kuma abin da ta ce shi ne, "Malam, na gode da ɗawainiya." Sannan ta fita tsakar gida ta riƙe duron gwanda.

Kwana shida suka rage. A daren farko ma cikin ya tsinke, saura na jiya. Na biyu ya yi sau ɗaya. Na uku shiru. Jummai ta koma kan waken suya, ta ƙara gyaɗar da ta soya ta niƙa, ta mayar da sau biyar sau bakwai. Ayabarta ta ƙare, Garzali ya zagaye Tarauni da Unguwa Uku ya kawo nunanna, ya ajiye a ƙofa bai shiga ba, sai da ta aika ni na ce in bai dawo ba za ta zo ta zauna a zaurensa. Amma kwana shida kwana shida ne. A makonni ukun da suka wuce Allah kaɗai ya san nawa ya zube. Ina kallon wuyan hannun Sama'ila ina ƙarya, ina cewa ya fara kumatu.

Ranar awo Peter ya iso da mota tun safe, an kwantar da kujerar baya, an shimfiɗa katifa. Ya ce daga asibiti za a wuce, ba sai an dawo an tayar da hankalin unguwa ba. Jummai ta ƙi haɗa kaya. Shi ya haɗa da kansa, a jakar leda. Na shiga motar ba a gayyace ni ba, Garzali ya biyo mu a adaidaita.

Sikelin na kujera ne. Aka ɗora shi, lambobin suka yi ta tsalle. Jummai ta juya baya tana kallon bango. Ma'aikaciyar ta duba, ta duba katin, ta ce arba'in da takwas.

Peter ya ce to ga shi nan, bai ƙaru ba.

Jummai ta juyo. Ban taɓa jin ta mayar wa dangin miji magana ba sai ranar.

"Cewa ka yi in ya yi ƙasa. Bai yi ƙasa ba."

Ya ce wannan wasa da magana ne. Ma'aikaciyar ta sa baki ta ce wata huɗu ke nan sai yau awon ya tsaya wuri ɗaya, ita dai in nata ne ba za ta ɗora shi a hanyar Zonkwa ba. Peter ya fita waje da waya. Muna hango shi ta taga yana kai da kawo, yana yarfa hannu. Ya fi rabin awa. Da ya dawo bai kalli kowa ba, ya ce dangi sun ƙara wata ɗaya, ɗaya tak, kuma wannan karon sai an ga ƙari a kati. Ya ciro jakar ledar daga mota ya ajiye a ƙasa.

Ya ce zai mayar da mu Gyaɗi-Gyaɗi. Jummai ta ce a'a, kada ya makara a hanya. Ba ta yarda a sake shigar da mijinta motar nan mai katifa ba ko na taku goma. Sai da ta ga motar ta fice daga ƙofar asibiti, sannan ta zauna a kan dakalin masu jiran magani.

Adaidaita biyu muka tsayar, Garzali ya shiga ɗaya da jakar ledar. Muka sa Sama'ila a tsakiya, ita a dama ni a hagu, muna tallafe da shi a kowane rami.