Gurun da Inna ta ɗaura mini

Shekarun baya, bayan sojoji sun karɓi mulki abinci ya yi wuya, fitsarina ya fara zuwa da jini. Likita a Sakkwato ya ce akwai ƙulli a ƙodata ta dama. In ruwa ne a cikinsa, a bar ta. In tsoka ce, sai an cire ƙodar. Na'urar da ke bambancewa, mai suna siti, tana can kudu.

Ƙanena ne zai raka ni, sai ruwan shuka ya sauka a garinmu Danchadi. Na ce ya zauna. Mahaifiyata ta ɗaura mini guru mai zoben ƙarfe a ƙugu, ta ce, "Ko wanka za ka yi, kak ka kwance shi."

A asibitin ma'aikaciya ɗaya ce ke jin Hausa. Na rubuta sunana a takarda da hannuna, don lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, amma ba wanda zan nuna wa. Ta ce, "Malam, akwai ƙarfe a jikinka?" Na ce babu. Na tura gurun sama ƙarƙashin riga, wai ni mai wayo. Ashe daidai kan ƙodar na ajiye shi.

Hoton ya fito da farin zane-zane. Ta ɗaga rigata ta yi dariya. "Malam, gurunka ya fi ka kyau a hoto." Aka ce in dawo bayan kwana takwas.

Na yi su a barandar masallaci. Kowane majinyaci da mai kawo masa ruwa, ni ina gaida mutane da hannu.

Ranar komawa na kwance gurun da kaina. Ma'aikaciyar ta ce, "Wa zai riƙe maka?" Na waiwaya, kamar akwai wani. A ƙarshe ta bar ni na damƙe shi, hannuwana miƙe saman kaina. Aka yi mini allura, ɗumi ya bi jikina, gadon ya shige da ni cikin na'urar.

Likita ya nuna mini wata baƙar da'ira a hoton. Maganin allurar bai shige ta ba, saboda haka ruwa ne. Ƙoda ta tsira.

Da na isa gida Inna ta shafa ƙuguna tun kafin gaisuwa. "Ka gani ko? Ba ka kwance ba dai?" Na ce, "Yana hannuna, Inna, har aka gama."

Ta rasu ban ƙara mata bayani ba. Hoton da gurun suna akwati ɗaya. Yanzu in na ga mutum shi kaɗai a bencin asibiti, nakan zauna kusa da shi in ce, "Kawo in riƙe maka."