Tukunyar Kashe Gobara a Akwatin Hajiya

Ranar sunan jikan Hajiya Yalwa a unguwar Selly Oak ta Bamingham ba ta fita raina, ko da yake na daɗe da ajiye aiki. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina aiki a wani wurin hayar karaban kusa da Levenshulme, a Manchesta. Karaban ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado da murhun gas a ciki. Aikina shi ne in duba kowace kafin ta fita da bayan ta dawo.

Ka'idar tukunyar kashe gobara ba ta da wuya. Ana ɗaure ta a maƙalinta kusa da ƙofa, inda ido ke gani hannu ke kaiwa, nesa da murhu. Allurar ma'aunin da ke jikinta ta tsaya a kan kore. Lokaci-lokaci a kife ta a girgiza, domin jijjigar hanya kan dunƙule hodar ciki. Na yi aiki a Jidda da Marsel, na ga direban da ke jefa tasa ƙarƙashin kujera tana gangarawa. Amma abin da na gani a Bamingham daban ne.

Malam Sabi'u, ɗalibi ne a Withington, nan Manchesta, ya zo haya. An yi wa ƙaninsa haihuwa a Bamingham, gidan ya yi kaɗan, yana so ya ajiye karaban a ƙofar gida mahaifiyarsu, Hajiya Yalwa, ta sauka ciki. Manajarmu ta yi jinkiri. Ni na tsaya masa, alhali a watan ana maganar rage ma'aikata. Ta ce to, amma duk abin da ya sami karaban ɗin, ni zan amsa. Na yi wa Sabi'u bayanin komai, ya ce, “Baba, kada ka damu.”

Ranar suna na hau jirgin ƙasa na je. Bayan addu'a na leƙa in gaida Hajiya, na same ta tana suyar ƙosai a murhun karaban. Idona ya faɗa kan maƙali: babu tukunya, sai gyale da ludayi a rataye.

Na tambaya cikin ladabi. Ta ce ai ta adana. Ta naɗe ta da atamfa, ta sa a akwati, ta datse kwaɗo, ta tura ƙarƙashin gado, ta ɗora buhun shinkafa a gaba.

“Kayan aro ne, Alhaji,” in ji ta. “Jikoki sai shafa shi suke. In fenti ya kankare, wa zai sha kunya, ni ko kai?”

Ina cikin bayanin cewa wuta ba ta jiran a buɗe akwati, sai man ƙosai ya kama. Na durƙusa ina jan buhu, ina neman makulli. Ta ce makulli na ƙulle a gefen zaninta. Ba wanda ke jikinta ba, na jiya, wanda surukarta ta sa a injin wanki.

Na miƙe na kashe gas, ina hango kaina a layin masu neman aiki. Hajiya kuwa ta ɗauki murfin tukunyar girki ta rufe kaskon, wuta ta mutu. Ta ce in matsa, ina tare mata haske.

Sai da injin ya gama juyinsa muka sami makulli, muka mayar da tukunyar maƙalinta. Ni da Sabi'u muka yini goge baƙin hayaƙi a rufi, mutane na cin tuwon suna.

Da karaban ta dawo Manchesta, manaja ta shiga da kanta. Ta daɗe tana kallon rufi, na faɗa mata abin da ya faru. Sannan ta sauko da tukunyar, ta same ta tana sheƙi, tana ƙamshin turaren wuta. Ta ce tun da take aikin ba ta ga wadda aka kula da ita haka ba, amma kada a sake. Aikina ya tsira.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne mutanenmu ba sakaci gare su ba, riƙon amana ne ya yi musu yawa. A wurinmu abu mai daraja ɓoye shi ake yi, wannan kuwa adana shi shi ne a bar shi a fili. Tun daga ranar na daina yi wa mai sa hannu kaɗai bayani. Nakan tambayi wa zai yi girki, in roƙe ta ta cire tukunyar ta mayar da hannunta, in kuma rantse mata cewa ko ta yi ƙura ba wanda zai ga laifinta.