Masu Leƙa Shafin Attahir

Attahir ɗan Barmou ne, amma rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta. Tun yana saurayi ya bi sawun ƴan uwansa mutanen Adar zuwa bida, wato neman kuɗi a ƙasashen waje. Ya yi tallar agogo da tabarau a Abidjan, ya yi gadin sito a Duwala, daga baya ya haura Libiya ya shiga leburancin gini a Sabha. A can ne katako ya zame da shi ya karye a cinya. An yi ɗori ya warke, sai dai ƙafar ta ɗan gajarce. Da ya ga jiki ba zai ƙara ɗaukar wahala ba, ya dawo ya zauna a Tawa, ya buɗe ƴar rumfa kusa da tasha, yana cajin salula yana fotokofi. Matarsa Balkisa kuma tana ɗinki a gida.

Lakwal ɗinsa, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma yana rubuta Hausa tsaf, kuma mutum ne mai son tambaya. Duk ranar kasuwa sai ya hau kabo-kabo ya je kara, kasuwar dabbobi, ya zagaya ya ji yadda raguna da bijimai suka yi, ya dawo yana ba mutanen tasha labari. Cikin masu kawo masa fotokofi akwai wani malamin makaranta, Mushe Souleyman. Shi ne ya ce masa wannan labarin da yake zubarwa a baki ya dace ya zauna wuri ɗaya, ya kuma buɗe masa bulog, wato shafin rubutu a intanet, a tsohuwar ordinatar, kwamfutar rumfar, ya nuna masa inda ake rubutu da inda ake ɗauko kayan ƙari na kyauta a liƙa wa shafi.

Nan Attahir ya sami abin yi. Duk abin da ya gani ya burge shi sai ya liƙa. Ya sa agogo mai juyawa, ya sa kalanda, ya sa abin nuna zafin gari, ya sa kiɗan gurmi da ke tashi da kansa da zarar an buɗe, har da waɗansu ƴan kifaye masu iyo a gefen rubutu. A ƙasa ya ajiye kwantar, wato abin ƙirga masu shiga. Safe da yamma yana dubawa, lamba tana hawa, ransa fari ƙal. Balkisa ce ta fara sa shi tunani, ranar da ta tambaye shi ko akwai mutum ɗaya a Tawa da ya taɓa ce masa ya karanta. Ya yi ta lalube bai tuna kowa ba. Dillalan da yake rubutawa dominsu a cikin karar suke wuni, me za su nema a waya?

Ya kai ƙorafin wajen Mushe Souleyman. Malamin ya duba ya yi dariya, ya ce ai wannan kwantar har shi mai shafin take ƙirgawa, duk leƙawar da yake yi baƙo take ɗaukarsa. Ya cire ta ya sa masa wani ma'auni da ba ya lissafa mai gida, mai nuna ƙasar da mutum ya shigo daga ita, da rubutun da ya karanta, da daɗewar da ya yi. Lamba ta faɗo ƙasa warwas. Attahir ya yi kwanaki ba ya son kallon wajen.

Da ya daure ya duba, sai ya ga abin da bai zata ba. A taswirar, Nijar kusan fayau take. Ɗige-ɗigen suna Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa da Kamaru. Ma'aunin ya kuma nuna yawancinsu suna fita tun shafin bai gama buɗewa ba. Wannan bai buƙaci a fassara masa ba, don ya san yadda ake hawa kan gini a Sabha ana ɗaga waya ana neman rezo. Kifayensa da gurminsa ne ke cinye wa mutane ɗan abin da suka saka a waya. A ranar ya kwashe su duka. Ya bar wurin ajiye saƙo, da maɓallin tura rubutu ta WhatsApp, da ma'aunin. Daga baya ya ƙara abin sa murya, saboda ya san da yawa cikin ƴan bida ba su karatu.

Wani abu kuma da ya lura da shi, ba farashin rago ne ya fi jan mutane ba. Wani ɗan gajeren rubutu ne da ya yi ranar da aka yi ruwan shuka a Barmou, shi aka yi ta buɗewa ana turawa. Daga nan ya sauya hanya. Direbobin da ke shigowa tasha daga ƙauyuka suka zama masu kawo masa labari: ina aka yi ruwa, ina hatsi ya yi bununi, wace rijiya ta ƙafe.

A tsakiyar wata damina wani Manzo ya ajiye masa saƙo daga Sabha. Ya ce shi ɗan Takanamat ne, duk sanda ya kira gida mahaifiyarsa sai ta ce gona lafiya lau, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana roƙo a ɗauko masa hoton gonar. Attahir ya rufe rumfa ya shiga mota ya tafi.

Ya tarar da tsohuwar, Kadidiya, tana ba awaki dusa. Ta yi masa maraba, ta dama masa fura, ta sa aka raka shi gona. Hatsin ya ƙone, ruwa ya yanke masa yana ƙarami. Da ya dawo ta tare shi a ƙofar gida.

"Ɗana, kada ka aika mishi wanga hoto."

"Inna, shi ya roƙe ni. In ce masa me?"

"Ka ce lahiya lau. Ya ce da kaka zai taho. In ya ga gonag ga, ba ya zuwa."

Attahir ya ce mata ba zai tura hoton ba tunda ta hana, amma kuma ba zai ce lafiya lau ba. Ya ɗauki muryarta tana gaida ɗanta, ya tura masa ita kaɗai. A shafin kuwa ya rubuta abin da ya saba rubutawa a kan kowane gari, cewa ruwa ya yanke a gefen Takanamat, gonaki da yawa sun ƙone. Manzo ya karanta ya gane. Ya fasa dawowa, ya ƙara shekara a can yana aiko wa gida da abin sayen hatsi.

Kadidiya ba ta yafe masa da wuri ba. Ta aiko wani direba ya gaya masa cewa ya raba ta da ganin ɗanta. Maganar ta tsaya masa a rai, har ya yi kusan wata bai rubuta komai ba. Balkisa ta ce masa da ya yi ƙarya, da yaron ya dawo hannu rabbana ya tarar da rumbu wayam, wa za a zaga? Bai ce ta yi gaskiya ba, bai kuma ce ta yi kuskure ba. Tun daga lokacin dai ya daina karɓar aiken duba gonar mutum ɗaya. Labarin gari yake bayarwa, abin cikin gida ya bar wa masu gida.

Har yanzu rumfar tana nan kusa da tasha. Furfura ta cika masa gemu, ido ya fara rauni, don haka murya ya fi sakawa a kan rubutu. Shafin ba shi da ado ko kaɗan, kuma masu shigarsa ba su da yawa. Da rani sukan ragu ƙwarai, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas su dawo. A irin wannan lokaci Attahir kan riga kowa zuwa tasha, ya zauna a bencinsa yana jiran motar farko daga arewa.