Baba Labbo, Mai Tulun Toka

Baba Labbo ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a bayan ɗakin girki, hannuna duk ƙasa. 'Yarsa Asabe ce ta kira daga ƙauyensu na bayan Bungudu. Sunansa kawai ta iya faɗa, sauran duk kuka ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku ba ku san shi ba, kuma ba laifinku ba ne. Laifinmu ne, ni ce ma kan gaba.

Ina aiki da wata ƙungiya a nan Gusau mai binciken sababbin dabarun noma. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Aikina rubuce-rubuce da ɗaukar hoto. A shafinmu na intanet akwai inda aka jera ma'aikata, kowa da hotonsa da tarihinsa, kuma ni na rubuta shi da hannuna. Shugabanmu Dakta yana sama, digiri uku, biyu daga ƙasar waje. Ga likitan dabbobinmu, ɗan ruga daga wajen Tsafe, da ya yi kiwo kafin ya shiga aji. Labarinsa mun ƙawata shi sosai, don baƙi suna son irin wannan. Ga mai kula da kwamfuta, wanda har yau in ka kai shi gona ba zai bambance maka gero da maiwa ba. Har ni ina ciki, 'yar Tudun Wada, da ban taɓa riƙe fartanya ba sai in za a ɗauke ni hoto.

Baba Labbo ba ya ciki.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a gonarmu ta gwaji da ke Wonaka. A takarda lebura ne. A gona kuwa, in Dakta zai yi wa baƙi bayani, sai ya fara jan Baba gefe ya tambaye shi, sannan ya dawo ya maimaita da Turanci.

Ranar da na fara zuwa gonar, da takalmi mai tsini na je. Kowa ya yi dariya, har da direba. Baba kuwa ya cire nasa na roba ya ajiye a gabana, ya wuni yana taka ƙasa haka nan. Daga ranar nake 'yar birni a bakinsa.

Lokacin da nake da ciki, ba abin da ke zama mini sai tumu. Duk ranar da motar ofis za ta dawo Gusau, sai ya gasa zangarniya biyu ya naɗe a ganye ya ba direba. Ban taɓa roƙonsa ba.

Da mahaifina ya rasu, ya zo ta'aziyya a bayan motar itace. Ya ƙi shiga falo, wai ƙafarsa da laka. Ya zauna bakin ƙofa ya yi addu'ar da ta fi ta kowa tsawo, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Amma ba wannan ne ke cin raina yau ba. Maganar geronsa ce.

Akwai wani gero da ya zo mana da shi daga gida, gajere, mai nuna da wuri, wanda ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina sai ya ba ka abin sawa a rumbu. Sunansa ɗan Tumba. Tumba kakarsa ce. Ya ce a zamaninta, farkon zuwan Turawa, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, aka yi wata shekarar yunwa da mutane suka cinye har irin shuka. Ita kuwa ta zuba nata a tulu, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Mijinta ma bai sani ba.

Ya ce mini, "'Yar birni, ɗiyanta na kuka bisa kan tulun ga, tana jin su, ba ta buɗe ba. Guda ta rasa cikinsu. Da ruwa ya sauka, gari duka gurinta anka samu abin shibkawa."

Tun daga ita, gidansu suke da ƙa'ida uku. Iri a gona ake zaɓensa kafin girbi, a ɗaura wa zangarniyar da ta fi kyau kaba. Ana shuka shi a gonar da ke nesa da ta kowa, don kada ya gauraya da wani gero. Sannan ba a taɓa tara shi wuri guda, kashi uku ake yi, a ajiye a gida uku.

Mu masu digiri, ƙa'idodin nan dariya suke ba mu.

Muka karɓi geron, muka cire masa sunan Tumba, muka sa masa haruffa da lamba. Muka zagaya ƙauyuka muka karɓi ɗan abin da ya rage a hannun mutane, muka ba su sabon iri a madadinsa. Duk muka zuba a ambulan-ambulan muka jera a ɗakin sanyi, muka ɗauki hoto a ƙofar ɗakin muna washe baki. Tuluna biyu da Baba ya ajiye a sito kuwa, ranar da za a yi manyan baƙi aka ce a fitar da su, wai suna ɓata tsari. Aka juye abin da ke ciki aka kai ɗakin sanyi shi ma. Ina tsaye aka yi.

Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Dakta, in wuta ta ɗauke hwa?"

Dakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba ke nan. Ai akwai janareta."

A cikin makon nan ne nake haɗa shafin ma'aikata. Na ce wa Baba ya shirya, zan ɗauke shi hoto in rubuta tarihinsa. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Washegari ya zo da rigarsa ta sallah, shuɗiya, har da karin guga, da hular da na san aro ce don ta yi masa yawa. Na zaunar da shi gindin ɗorawa kusan awa biyu yana ba ni labari ina rubutawa, sannan na ɗauke shi hoton.

Da na kai wa Dakta, ya duba fom ɗin, ya sa yatsa a gurbin da aka rubuta makarantun da mutum ya yi. Ya ce, "Malama Zainab, nan fa? Me za mu sa? Masu ba mu tallafi ƙwararru suke son gani."

Na ce to.

To kawai na ce. Na fita na goge Baba daga jerin, na je na ci abincin rana.

Bayan nan duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni, "Ɗiyata, hoton nan ya hito?" Ni kuma in ce ana kan aiki, Baba. Asabe ta faɗa mini daga baya cewa har mutanen ƙauye ya gaya wa za a sa shi a intanet, su riƙa dubawa. Shekara biyu ina yi wa dattijon nan ƙarya, yana cewa Allah ya taimaka.

Sai aka zo gyaran tsarin ma'aikata, aka ce duk wanda ba shi da satifiket a sallame shi. Aka ba shi buhun taki da kalanda mai tambarin ƙungiya. Kalanda, jama'a, ga mutumin da bai iya karanta boko ba.

Bazarar da ta wuce aka tafi dogon hutun sallah. Wuta ta ɗauke, janareta ya tsaya, mai makullin ɗakin sanyi yana garinsu. Kowa ya ɗauka wani ne zai leƙa. Da aka buɗe, ruwa ya tsattsafo ya jiƙa ambulan, komai ya yi fumfuna, wari kamar an bar tuwo a kwano kwana bakwai. Aka gwada ɗan Tumba a faranti, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba.

Geron da ya tsallake yunwa a ƙarƙashin gadon tsohuwa, mu muka kashe shi a cikin na'ura, da takardunmu a rataye a bango.

An yi mitin a kai, har sau uku. Ba wanda ya ambaci sunan Baba sai a na ukun, da Dakta ya tuna wataƙila tsohon yana da saura a gida. Aka ce ni zan je, tunda ni ce ɗiyarsa.

Sati uku ke nan da na je. Na same shi kwance a zaure kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Asabe ta ce damina biyu ke nan bai je gonarsa ta nesa ba, hanyar ba ta biyuwa saboda halin da ake ciki, kun dai sani. Bai bari na gama gaisuwa ba ya sa aka kawo mini fura.

Ban iya sha ba. Na faɗa masa komai, ɗakin sanyi da fumfuna, har da maganar hoto. Na ce, "Baba, ba a sa ba, kuma ba za a sa ba. Ƙarya nake yi maka tun farko."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na sani, 'yar birni. Asabe ta duba mani tun bara waccan. Ina tambaya ne ko Allah ya sa wata rana ki hwaɗi gaskiya ki huta."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Sannan ya ce wa Asabe ta ɗauko abin da ke bayan randa. Wani ɗan tulu ne, bai fi kan jariri ba, an liƙe bakinsa da laka. Kashi na uku ke nan, wanda bai taɓa kai mana ba.

Ya ce, "Damina biyu ba a shibka shi ba. In wannan ma ta wuce, shi ke nan, ya tahi. Ba ohis na ba ba, ke na ba. Ki kasa shi uku. Kuma ki kira shi da sunan mai shi, ta biya da ɗanta."

Na koma ofis na ce ban samu komai ba. Wannan ƙaryar dai ba na nadamar ta.

Kwana huɗu da suka wuce na fasa bakin tulun, na ƙirga ƙwaya goma na sa a kasko bayan ɗakin girki, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Yau da safe na leƙa, bakwai sun huda ƙasa. Na miƙe da murna zan ɗauko waya in sa Asabe ta kara masa a kunne, sai ga wayar tana ƙara da kanta.

Bai ji ba. Saura minti kaɗan ya ji, bai ji ba.

Ban gama share hawaye ba Dakta ya kira. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya ce, "Ai kina da hotonsa ko? Ki haɗa mana ɗan rubutu a sa a shafi, a ce mun yi rashin ɗaya daga cikin iyalinmu. In kin je gaisuwa kuma ki ƙara tambayar 'yar, ko ya bar wani abu."

Yanzu gurbin makaranta bai hana ba. Ashe abin da ake jira ya cika sharaɗi shi ne ya mutu.

Ba zan ba su hoton ba. Ga shi nan na sa a nawa shafin, da rigarsa shuɗiya da hular aro. Ga kuma tarihinsa, yadda ya kamata in rubuta tun shekara biyu da suka wuce:

Malam Labbo, manomi, mutumin ƙasar Bungudu, jikan Tumba. Ya yi karatun allo. Ya koyi zaɓen iri wurin mahaifinsa, shi kuma wurin mahaifiyarsa. Ya fi shekara hamsin yana ajiye gero, ko sau ɗaya bai taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Dakta, na san za a nuna maka wannan kafin azahar. E, tulun yana wurina, kuma ba zai shiga ɗakin sanyi ba. In takardar sallama ce, a haɗa mini da kalanda.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ba ni da lokaci. Kashi ɗaya na Asabe ne, hakkin gidansu ne. Ina neman manoma biyu masu gonar da ke ware kuma ake iya zuwa, ɗaya ta wajen Ruwan Bore ko Wonaka, ɗaya ta wajen Tsafe. Ba na tambayar satifiket. Sharaɗi ɗaya ne, in an tambaye ka wane iri ne wannan, ka ce ɗan Tumba ne, daga hannun Baba Labbo.

Ya Allah ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk ƙwayar da ya taɓa ajiyewa ta zame masa nauyi a mizani. Ka ji ƙan Inna Tumba da ɗan da ta rasa. Ka ba Asabe da 'yan uwanta haƙuri. Ni kuma ka yafe mini wannan "to" da na ce.

Za a yi jana'izarsa bayan azahar. Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce da danna alama kawai. Ka tsaya ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a, ka ambaci sunansa da bakinka. Labbo ne sunansa.