Rawar Hannun Baba

Ko na tsufa haƙora suka zube, ba na jin ranar da na ƙarasa katunan bikin nan za ta fita daga kaina. Yanzu haka da nake danna wannan a waya, bayan hannuna na dama sai da ya yi sanyi.

Lokacin gyaran waya nake a Zongo. Jikin rumfarmu akwai ɗan shagon wani tsoho, kowa Baba yake ce masa. Aikinsa rubuta sunaye a katin biki da na suna, da irin kwantaccen rubutun nan na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, na da. Alƙalaminsa na ƙarfe ne mai tsini, bakin a tsage biyu. In ka danna ya buɗe, layi ya yi kauri, in ka sassauta ya rufe, layi ya koma kamar gashi. Kallo ya ja ni, har na ce ya koya mini.

"Kai da yatsunka suka saba da gilashi?" in ji shi. "To zauna, ɗan zamani."

Ranar farko na yaga takarda, tawada ta fantsamar masa a riga. Baba ba ya dogon bayani. Sai dai ya tsaya a bayana, ya ɗora tafinsa a kan hannuna, mu ja tare. "Sauka da nauyi, hau da numfashi." Kuma duk saukar da za mu yi, dab da ƙarshe sai layin ya ɗan yi rawa. Ni na ɗauka adon rubutun ke nan, na dage har na iya ta.

Ko manyan baƙaƙe ba mu gama ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar katunan auren jikarsa, rabi a rubuce, rabi fari fat, ga biki ya matso. Matarsa, Iya, ta aiko aka kira ni.

"Ɗan nan, ya yi wa yarinyar nan alkawari rubutun gidan nan ne zai kira mata mutane. Ka ƙarasa."

"Iya, ni fa ɗan koyo ne."

"Wa ka ga ya rage?"

Bayan azahar na buɗe shagon. Hadari ya taso daga wajen teku, gari ya yi duhu, aka ɗauke wuta. Na ja teburin bakin ƙofa. Ruwa na dukan kwano, titi ba ko zem ɗaya, babur ɗin hayar nan, amma wallahi ƙarar tsinin nan a kan takarda ita ta fi komai fitowa. Ina kati na farko ina ta ɗaga alƙalamin ina ajiyewa don tsoro. Can sai na dafa tsinin a kan katin. Wani nauyi mai ɗumi ya kwanta a bayan hannun, daidai inda tafinsa yake zama. Ban waiwaya ba. Ƙarya nake in na ce jarumta ce, wuyana ne ya ƙi juyawa. Na yi ta ja, suna bayan suna, har da manyan baƙaƙen da bai kai ga koya mini ba. Na sha ganinsu a katunansa, da haka nake lallashin kaina har yau.

Ruwa na tsagaitawa Iya ta shigo da lema. Ta haɗa nasa da nawa tana dubawa a hasken ƙofa. Sai na ga ta ja da baya.

"Wanne ne naka?"

Na duba. Ni ma sai da na taɓa na ji wanda tawadarsa ba ta gama bushewa ba.

"Innalillahi. Wa ya riƙe maka hannu?"

"Ba kowa, Iya. Haka ya koya mini, har da 'yar rawar ƙarshen."

"Rawar?" Ta zauna a kujerarsa. "Ai wannan ba rubutu ba ne, ciwo ne. Tun da zem ya kaɗe shi a unguwar Godome hannun yake yi masa haka. Kuka yake yi a kanta, ya ce ta ɓata masa sana'a."

Na ce bari in sake su ba rawar. Na ɗauki sabon kati, na riƙe numfashi, na sauko a hankali. Dab da ƙarshe hannuna ya karkaɗa da kansa. Na sake, ya sake. Iya ta kama wuyan hannuna, ta ji da tafinta, ta daɗe ba ta saki ba.

"Bar su haka," ta ce. "A raba."

Aka raba, aka yi biki, mutane suna ta cewa Allah sarki, Baba ya cika alkawari kafin ya tafi. Ni da Iya ba wanda ya gyara musu zance.

Hannuna lafiya lau yake, ina kwance ƙananan kusoshin waya ba ko gezau. Amma in na tsoma alƙalamin nan a tawada, rawar tana nan. Abin da na koya shi ne, wanda ya ɗora hannunsa a kan naka ba gwanintarsa kaɗai yake zuba maka ba, har da ciwonsa. In za ka karɓa, ka tambayi wanne ne wanne tun yana da rai.